Ruwan Da Esmeralda Ta Ba Mai Ƙusumbi

A hannun wani mai gwanjon littattafai a kasuwar Gusau na tsinci fassarar Notre-Dame de Paris, littafin da marubucin Faransa Victor Hugo ya fitar a 1831. Bangon bayansa ma ya cire. Dare uku na yi a kansa da fitilar waya, sauro na cin rabonsa.

Labarin a Faris ne, shekarar 1482. Quasimodo ga ƙusumbi, ga ido ɗaya, ƙararrawar cocin da yake kaɗawa kuma ta kurmantar da shi. Ya kamu da son Esmeralda, mai rawa a titi da akuyarta Djali. Ita ko hankalinta na kan Phoebus, soja mai kyan tsayi da daɗin baki, wanda ko sunanta bai iya riƙewa ba. Frollo, babban malamin cocin da ya reni Quasimodo, shi ma ya mace a kanta. Son maso wani dai, ƙoshin wahala.

Wuri ɗaya ne ya tsaya mini a maƙogwaro. An ɗaure Quasimodo a dandali, an zane shi da bulala saboda yunƙurin sace Esmeralda, alhali Frollo ne ya sa shi. Yana ta roƙon ruwa, jama'a na shewa suna jifarsa. Sai ga yarinyar da ya so sacewa ta hau, ta kwance gorarta ta kai masa baki. Hawaye ya gangaro masa.

Nan na kife littafin. Muna yara akwai wani mai ƙusumbi da ke faskare a unguwarmu, mukan bi shi da waƙa har bakin masallaci. Wata rana Inna ta dama masa fura a ƙwaryarta, ni kuwa na ce na daina sha a cikinta. Ta dube ni ta ce, "Kai wanga yaro, mi ya yi maka?" Na rasa ta cewa.

Ƙarshen ba daɗi. An rataye Esmeralda, Quasimodo ya tunkuɗo Frollo daga saman cocin, daga baya aka iske ƙwarangwal ɗinsa rungume da nata a Montfaucon, inda ake jefa gawarwakin waɗanda aka rataye. Da aka zo raba su sai nasa ya zama ƙura.

Jiya na kira Inna na tambaye ta sunan mai faskaren nan. Ba ta ko tsaya tunani ba ta faɗa mini, har da garinsu.