Kafin Ki Bari a Datse Miki Gashin Gaba

Ƙannena mata, ina da shekara 22 na shiga shagon gyaran gashi riƙe da hoton wata mace mai doguwar fuska da gashi mai santsi, na ce a yanke mini na gaba hawa-hawa irin nata, mafi gajarta ya tsaya daidai haɓata. Fuskata zagayayyiya ce, gashina kuma murɗaɗɗe ne, amma ko ɗaya ban tsaya na duba ba. Mai gyaran ta jiƙa gashin, ta ja shi da mataji har ya miƙe, ta auna a haɓa, ta datse. Da ya bushe sai ya takure ya hau har kumatuna, wato daidai wurin da fuskata ta fi faɗi, na fito kamar an ƙara mini kumatu.

Ba ita kaɗai ke da laifi ba, domin ni ce na nace. Abin da ban sani ba shi ne, idon mai kallo yana tsayawa ne a inda gashi mafi gajarta ya ƙare. Saboda haka mai zagayayyiyar fuska za ta fi kyau idan hawan farko ya fara daga ƙasan haɓa, domin yana ƙara wa fuska tsawo a ido, ita kuwa mai doguwar fuska ta fi buƙatar cika a gefen kumatu, ko gashin da ke sauka a kan goshi. Mai faɗin muƙamuƙi ta guji datsewa a miƙe daidai layin muƙamuƙin. Wannan ba sabon ilimi ba ne, tun a shekarun 1960 Vidal Sassoon ya yi suna a Landan da yanke gashi bisa tsarin ƙasusuwan fuskar kowace mace, ni kuwa na tafi neman fuskar wata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jira. Gashi yana ƙara kimanin santimita 1 ne kawai a wata, kuma murɗaɗɗe ba ya nuna tsawon da ya ƙara, don haka na shafe kusan wata 8 ina fama da guntaye waɗanda ba sa kai wa inda nake ɗaure sauran. Ina aiki suna zubo mini a ido, na kama su da fil, su sake kuɓucewa. Ban taɓa tambayar kaina sau nawa nake sakin gashina a mako ba, alhali kusan kullum a ɗaure yake.

Na sake yin wani kuskuren daga baya, lokacin da gashina ya rage cika bayan haihuwa, na ce a ƙara yawan hawan ko zai yi kauri. Hawa-hawa yana rage wa gashi mai yawa nauyi ne, shi ya sa ƙarshen nawa ya ƙara sirancewa.

Yanzu idan na zauna gaban madubi, nakan roƙi a yanke na gaban a bushe, yadda yake kwanciya da kansa. Nakan ɗora yatsa a inda nake so ya tsaya, sannan na ce a bar santimita 2 ko 3 a ƙasa da wurin, na kuma tattara gashin baya na gwada ɗaure shi kafin a taɓa ɗaya gefen. Idan na wanke shi sau biyu na ga har yanzu ya yi mini tsawo, sai na koma a rage.