Fitilar Suzukin Baba ta dawo

Wannan tsohuwar Suzuki A100 ta Baba tun bayan damina fitilarta take ci kamar aci-balbal. Ranar da na dawo daga kasuwar Gujungu bayan isha'i wallahi saura kaɗan na hau kan amalanken shanu, sai da na zo dab da shi na ga ƙahon sa.

Da farko na zata batir ne, na sayo sabo, ba abin da ya canza. Ashe irin wannan mashin ɗin babbar fitila daga koyil ɗin inji take shan wuta kai tsaye, shi yasa in ka murɗa totur take ƙara haske, in ka saki ta lafa.

Wani dattijon rewaya a Ringim ne ya buɗe min kan fitilar, ya ce yaro duba nan. Ƙwan da ke ciki mai volt 12 ne, ita kuwa mashin ɗin volt 6 ce, to ta yaya zai yi haske? Sannan wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mashin duk tsatsa ta cinye wurin notin, ga mahaɗin wayoyin sun yi kore shar saboda ruwan da suka sha. Ya sa samfefa ya goge har ƙarfen ya fito fes, ya ɗaure tam, wata wayar da ɓera ya gwaguya ya yanke ya haɗa ya naɗe da salatif.

Da daddare na kunna a ƙofar gida, hasken har bishiyar darbejiyar masallaci. Baba ya fito ya daɗe yana shafa tankin.