Manyan Tayoyi Sun Hau, Ƙarfi Ya Gudu: Inda Na Kai da Aksul ɗin Hilux

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana a kan tsohuwar Hilux ɗin nan tawa. Kan aksul ɗin baya ya koma ƙarƙashin mota da sababbin haƙora, na gaba yana kan benci a warwatse, lambar haƙoran da na tsaya a kai kuwa 4.88 ce, wato juyin da ke shiga aksul kafin taya ta juya sau ɗaya. Da yake wasunku na shirin sa manyan tayoyi kafin damina ta sauka, bari in zayyana yadda na iso ga wannan lamba. Tun yanzu dai ina roƙonku, kada wani ya kwafe ta ya nufi kasuwa. Lambar motata ce, ba lallai ta zama ta taku ba.

Motar LN106 ce, irin waɗanda Toyota ta fara fitarwa a 1988, mai injin gas 3L, lita 2.8, ba turbo. Ƙarfin dokinsa bai wuce 90 da 'yan kai ba, kuma ƙarfin murɗarsa yana cika ne wajen juyi 2,400 a minti. Tayoyinta na asali 205R16 ne, na maye su da 285/75R16. Ba don ado ba ne. Duk wanda ke shiga fadamun Haɗeja da damina ya san yadda tarakta da manyan motoci ke haƙe hanya su bar tudu a tsakiya, kuma ƙoƙon aksul ne ke fara dukan tudun. Ko ka ɗaga sifirin har mota ta yi tsayin raƙumi, ƙoƙon nan yana nan inda yake. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Waɗannan sun ƙara mini kusan santimita 5.

Kuɗin wannan santimita 5 ɗin kuma a jikin inji na biya shi. Giya ta biyar ta zama ta ado: da an ɗan fuskanci iska ko hawa kaɗan tsakanin Kano da Gumel, sai mota ta fara noƙewa, in taka totur har ƙasa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe a baya, dole in dawo ta huɗu. Tashi da kaya kuma sai an daɗe ana lallashin kuloci. A rairayin wajen Maigatari allurar zafi ta fara motsawa daga inda na saba ganinta.

Dalilin ba boyayye ba ne. Ƙarfin da aksul ke murɗa taya da shi bai canza ba, amma tazarar da ke tsakanin tsakiyar taya da ƙasa ta ƙaru. Kamar sifana ce da aka ƙara wa dogon bututu, sai dai a nan ƙasa ce ke riƙe da dogon hannun, injinka ne ƙusar da ake murɗawa. Tsawo ya ƙaru da kashi 13 cikin 100, turin da ke isa ƙasa ya ragu da kusan haka, a kowace giya.

Ga yadda ake fitar da tsayin taya daga rubutun da ke jikinta. A 285/75R16, 285 faɗi ne a milimita, 75 kuma na nufin tsayin gefe kashi 75 cikin 100 ne na faɗin, wato milimita 214. Gefe biyu ne, sama da ƙasa, 428 ke nan. Wili inci 16 ne, milimita 406. A haɗa, 834. Ita 205R16 ana lissafa gefenta a kashi 80, sai ta ba da 734. Wanda ke son tabbaci ya ɗauki alli ya yi alama a taya da ƙasa, ya tura mota juyi guda, ya auna da tef. Zai ga ta ɗan gaza abin da takarda ta faɗa, saboda nauyin mota na danne ta. Tsohuwar ma haka take gazawa, don haka lissafin bai lalace ba.

Abu na biyu, kuma nan ne na fi so ku tsaya: mece ce lambar da ke cikin aksul ɗinka yanzu? A ciki akwai babban faifai mai haƙora, kurawun, da ƙaramin da farfela (sandar da ke kawo juyi daga giyabos) ke juyawa yana tura shi, finiyan. Ka raba haƙoran babban da na ƙaramin, ka sami lambar. Haƙora 43 da 10 su ne 4.30, ma'ana farfela ta juya sau 4.3 kafin taya ta juya sau ɗaya. Toyota tana rubuta wannan a ɗan allon ƙarfen da ke ɗakin inji. Nawa ya ce G282. Harafin G na nufin kurawun mai inci 8, 28 kuma ita ce 4.30. Da 29 ce, 4.10 ke nan. 25 kuwa 4.56, 14 ita ce 4.88.

Sai dai motar da ta haura shekara 30 tana yawo a hannun mutane, allo ba shaida ba ne. Wa ya san sau nawa aka sauya mata kan aksul? Oga, makaniken da nake koyo a garejinsa, ko kallon allon bai yi ba. Cewa ya yi in sa jak in ɗaga taya ɗaya ta baya, giya a firi, in yi wa farfela alama da alli. Idan taya ɗaya ce a sama, juyinta biyu ne ke daidai da juyi ɗaya na kurawun, saboda ɗayar tana tsaye. To tsakanin 4.10 da 4.30 a juyi biyu kacal, ido na iya yaudararka. Sai ya ce in juya tayar sau 20 shi yana ƙirga farfela. Ta ba da 43. Magana ta ƙare. In aksul ɗinka mai kama tayoyi biyu ne, irin wanda ba ya barin ɗaya ta yi ta wulwulawa ita kaɗai, sai ka ɗaga duka biyun ka juya sau 10.

Lissafin kansa layi ɗaya ne: tsohuwar lamba, sau sabon tsayi, a raba da tsohon tsayi. 4.30 sau 834, a raba da 734, ya ba da kusan 4.88. Na yi sa'a, domin ya faɗa daidai kan haƙoran da ake da su, 39 da 8. Ba kowa ke samun haka ba.

Yanzu ku duba abin da wannan ke nufi a kan titi. Giya ta biyar a giyabos ɗina 0.85 ce. Da tayoyin asali, a gudun kilomita 100 inji na juyi kusan 2,640. Da manyan tayoyi da tsoffin haƙora ya sauko 2,330. A ido wannan ba laifi, har ma wani zai ce ai an samu sauƙin mai. To amma wa ke zama a 100 da wannan mota ɗauke da buhunan taki? A 80 muke rayuwa, kuma a 80 juyin ya faɗo zuwa 1,860, nesa ƙwarai da 2,400 ɗin da injin ke da ƙarfinsa. Shi ya sa take hayaƙi. Batun sauƙin mai kuma ban gan shi ba, don injin da aka danne wa totur yana nishi ba ya rage sha. Da 4.56, a 80 za ta ba da kusan 1,970, an rage ciwo amma ba a warke ba. Da 4.88, 2,110, daidai da yadda ta fito daga kamfani. Da 5.29, 2,290.

A kan 5.29 ɗin nan muka fi jan magana. Wani abokina mai jigilar shinkafa daga fadama ya dage cewa ita ce daidai, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Shi lissafi, in ji shi, tsayi kawai ya sani. Bai san cewa sabuwar taya ta fi tsohuwar nauyi sosai ba, bai san ta fi faɗi tana ƙara gogayya da ƙasa ba, bai san mota ta ƙara tsayi tana tare iska ba. Ko an mayar da juyin inji yadda yake, ba za ta taɓa zama sakayau kamar da ba. Don haka ƙara lamba kaɗan sama da abin da lissafi ya bayar dabara ce mai kyau. A okzilari ma, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, bambancin na fitowa: giya ta ɗaya 3.93, ƙaramar giyar okzilari 2.28, idan aka ninka da 4.88 sai inji ya juya kusan sau 44 kafin taya ta juya sau ɗaya, da 5.29 kuwa sau 47. A cikin taɓo da kaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk da haka ban bi shi ba, saboda abu biyu. Rabin tafiyata a kan kwalta ce, kuma juyi 2,860 a gudun 100 na tsawon awa biyu, kunne da allurar zafi duka za su gaya maka. Na biyu shi ne finiyan. Don a sami babbar lamba a cikin ƙoƙo ɗaya, dole finiyan ya ƙanƙance: haƙora 10 a 4.30, 8 a 4.88, 7 kacal a 5.29, wadda ita 37 da 7 ce. Ƙarancin haƙora na nufin kaɗan ne ke ɗaukar nauyi a lokaci guda. Ba wai zai karye gobe ba ne, mutane da yawa na amfani da shi lafiya, amma ni da ke shiga wuraren da ko sabis ɗin waya babu, na fi son abin da ya fi kauri. Shi kuwa abokina, da kusan kullum yana cikin fadama da lodi, 5.29 ta fi dacewa da shi. Mota iri ɗaya, taya iri ɗaya, amsa daban.

Ga dalilin da ya sa na ce kada a kwafi lambata. Wanda Hilux ɗinsa ta zo da 4.56 ya sa irin tayoyina, lissafinsa 5.18 zai bayar, 5.29 ce tasa, 4.88 za ta bar shi da sauran nauyi. Wanda ke da 4.30 ya sa 265/75R16, mai milimita 804, zai sami 4.71, tsakanin 4.56 da 4.88. A irin wannan hali ni sama nake hawa, don dalilin nauyin da abokina ya kawo. Mai son taya inci 35 a kan 4.30 kuma 5.21 zai gani, sannan ya fara tunanin ƙarfin gwiwoyin aksul ɗin gaba, domin su ne ke fara fashewa idan babbar taya ta kama ƙasa sitiyari na karye.

Wani ɗan amfani da ya zo a kyauta: maleji. Daga bayan giyabos yake ɗaukar ƙirgensa, bai san an sauya taya ba. Da manyan tayoyi da tsoffin haƙora, yana nuna 88 wayata na nuna 100. Yanzu sun dawo suna magana da baki ɗaya. Da 5.29 na sa, da ya riƙa yin ƙari da kusan kashi 8.

Kayan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na samo su. Ko a ina za ku saya, ku ƙirga haƙoran da yatsa a gaban mai shago, kuma ku tabbata kurawun da finiyan 'yan gida ɗaya ne. Tare ake goge su a masana'anta har su saba da juna, shi ya sa ba a aurar da kurawun wannan da finiyan wancan ko da lambarsu ɗaya.

Ɗaurin shi ne ainihin sana'ar, kuma a nan ɗan kallo na fi zama. Daɗin irin wannan aksul shi ne kan yana fita gaba ɗaya, ka kai shi benci ka yi aiki a tsaye. Oga ya sa sababbin boris da sil, ya saita zurfin finiyan da siraran washa, sannan ya ɗora agogon awo a haƙorin kurawun yana girgiza shi. Wasan da littafin Toyota ya yarda da shi tsakanin haƙoran milimita 0.13 zuwa 0.18 ne, kaurin takarda biyu ke nan ko ƙasa da haka. Bayan nan ya shafa wa wasu haƙora kala ya juya, don a ga inda suke cizon juna. Cizon ya zauna a tsakiyar haƙori, ba can baki ba, ba can gindi ba. Na farko ya fito kusa da baki, ya kwance komai ya sauya washa ba tare da ya ce uffan ba. Na tambaye shi ko ba za ta tafi haka ba, ya ce, "Za ta tafi mana, tana kuka. In ta fara kukan kuma, ba mai rarrashinta." Haƙorin da ya ci a karkace ba ya gyaruwa da sabon saiti.

Na zuba man giya GL-5 mai lamba 90. Yanzu ina cikin lallaɓawa: gajerun tafiye-tafiye, ba lodi, ba ja, ina tsayawa in bar ƙoƙon ya huce, don sababbin haƙora na ɗaukar zafi. Idan ta cika kilomita 800 zan zubar da man in duba maganaɗisun da ke jikin murfin ƙasa. Laushin gari baƙi ba komai ba ne, ɓarɓashi mai kaifi shi ne abin tsoro. Giya ta biyar dai ta dawo da rai, hayaƙin ya ragu sosai. Birki kuwa yana nan da nauyinsa, domin sauya haƙora ba ya taimaka masa wajen tsayar da manyan tayoyi. Wannan aiki ne na daban da ke jirana.

Har zuwa lokacin da na gaba zai hau, motar nan mai ƙafa biyu ce. Tsohon kan gaba na aro da ke ciki 4.30 ne, na baya 4.88, kuma wannan mota ba ta da abin da ke raba juyi tsakanin gaba da baya. In aka sa okzilari a haka, gaba zai nemi ya fi baya gudu da kashi 13, a ƙasa mai tauri kuwa wani abu ne zai karye, ko farfela ko haƙoran da na gama biya. Na mayar da makullan tayoyin gaba kan firi, na ɗaure sandar okzilari da waya saboda ƙanena da ke ɗaukar motar ba sallama. Boris ɗin finiyan na gaba nake jira, da ya iso za mu hau benci, kuma Oga ya ce wannan karon ni zan riƙe agogon awon.