Yau mun wuni muna neman suna

Talata. Yau ko layi ɗaya na aikin manhaja ban taɓa ba. Tun safe ni da abokin aikina muke kai da kawo kan sunan kamfanin, don rajista ba ta yiwuwa sai da suna, ga manhajar kuma ta kusa fita.

Shi so yake kowa ya ji sunan ya gane lissafin kuɗi muke yi, tunda manhajar ta shige da ficen kuɗi ce. Na ce masa, "Malam, yau lissafi muke yi. Nan da shekara biyar fa?" Amazon da sayar da littattafai ya fara a 1995, amma bai ɗaure kansa da littafi a cikin sunansa ba, shi ya sa da ya koma sayar da komai bai sha wahalar sauya suna ba. Ya yi shiru, amma na san bai gamsu ba.

Da rana muka yi gwajin waya. Ya kira ƙanwarsa, ya faɗi kowane suna sau ɗaya tak, ya ce ta turo yadda take ganin ake rubuta shi. Wanda ya fi ƙauna ta rubuto shi da harafi biyu a karkace. Nan take ya fita daga jerin.

Nawa kuma sai muka tarar wani ya riga ya kama adireshinsa na intanet mai ƙarewa da .com, ya ajiye fanko yana jiran mai saye. Wannan bai tayar mini da hankali ba. Dropbox, kamfanin ajiyar fayil a intanet, shi ma da getdropbox.com ya yi ta aiki har 2009, Facebook kuma thefacebook.com ne har 2005. Abin da nake tsoro shi ne alamar kasuwanci, wato suna ko tambarin da wani ya riga ya yi wa rajista ya zama nasa a doka. Firefox, burauzar shiga intanet, da farko Phoenix ake kiransa, rikicin suna ya mayar da shi Firebird, nan ma aka yi ƙorafi, sai a 2004 ya zama Firefox. Masu Firefox suna da ƙarfin jure wannan, mu mutum biyu ina muka ga kuɗin lauyoyi da sake tambari?

Na shiga rumbun alamomin kasuwanci na WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, na duba. Ai kuwa ga wani kamfanin manhaja da suna kusan iri ɗaya da nawa, harafi ɗaya ne ya raba su. Raina ya sosu ƙwarai, amma na goge shi.

Saura biyu. Gobe da safe zan tura wa lauya su ya bincika, kafin mu saba da ɗayansu.