Kwalbatin da ban shiga ba

A watan da ya wuce na miƙa makullin ofis, na ɗauki gudumata da tsohuwar tocilata na dawo gida Garuwa, bayan shekaru masu yawa ina duba gadoji da kwalbatoci a hanyoyin arewacin Kamaru. Matasan da na bari a wurin aiki sun roƙe ni in rubuta musu abin da na koya, kuma na san suna jiran bayani ne a kan awon tsaga da cike takardu. Wannan duk yana cikin littattafan da ke kan teburinsu. Abin da ba ya ciki shi ne labarin wani kwalbati guda ɗaya da na sa hannu a kansa alhali ban shiga cikinsa ba.

Mu nan ba mu da hanyar mota da aka huda dutse aka yi mata rami irin na Turai da Japan. Ko hawan dutsen da ke arewa da Ngaundere, kwana-kwana aka yi aka gangaro da hanyar. Ramukanmu suna ƙarƙashin kwalta ne: akwatunan siminti da muke kira dalo a bakin aiki, da manyan bututun ƙarfe masu tudu da kwari kamar kwanon rufi, waɗanda muke kira biz. Wasu daga cikinsu sun girmi ma'aikatan da ke duba su, kuma a kansu ne tireloli ke bi dare da rana da kayan Chadi, daga tashar ruwa ta Duwala har Kuseri da Injamena. Doka ta ce kada nauyin da ke kan gatari ɗaya na mota, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, ya wuce tan 13, kada motar duka ta wuce tan 50, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanya ya san yadda ake bin wannan doka.

A ƙarshen wani rani aka ba ni jerin kwalbatocin wata hanya, aka ba ni kwana biyar da man da ba zai kai kwana huɗu ba. Na isa wurin da nake magana a kai bayan azahar, rana tana dukan ƙeya, rigata ta jiƙe sharkaf. Bututu ne da ya fi mutum tsayi, amma yashi ya cika shi har rabi, rina ta yi gida a bakinsa, warin kashin jemage kuma yana fitowa daga ciki. Na tsaya a sama na dubi kwalta, babu tsaga, sai ɗan lotsawa da ba ta kai a kula ba. Na sauka na haska tocila, na ga abin da hasken ya kai, na juya zan hau mota. Wani dattijo da ke zaune a gindin tsamiya ya kira ni ya ce, "Ɗana, bara da ruwa ya zo, ta ƙarƙashin ƙarfen nan yake fita, ba ta cikinsa ba." Na ce, "To, Baba, mun ji, Allah ya saka da alheri." A littafin aljihuna na rubuta da fensir cewa ba a shiga ba, yashi ya toshe, a sake dubawa kafin damina.

Da na koma ofis, shugabana ya karanta rahoton ya tsaya a kan wannan layi. Ya ce takardar hukuma ba ta da gurbin "ba a shiga ba", ko dai abu yana da lafiya ko yana bukatar gyara, kuma kuɗin gyaran wannan shekara an riga an raba shi ga wasu hanyoyi. Ya tambaye ni, "Ka ga tsaga a kan kwalta?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe." Ya ce, "To don me za ka tayar wa mutane da hankali a kan maganar tsohon ƙauye?" Ban yi musu ba. Ina da ƙananan yara a lokacin, ina kuma jiran ƙarin girma. Na gyara layin, na rubuta cewa yana da lafiya sai dai yana bukatar yashewa, na sa hannu.

A cikin watan Agusta, da asuba, bayan ruwan kwana biyu, hanyar ta rufta a daidai wurin, gaban wata babbar mota ya faɗa ciki. Direban ya tsira da rauni, yaron motar kuwa ƙafarsa ta tafi. Da ruwa ya janye na shiga abin da ya rage na bututun, a karon farko, da rarrafe. Gindinsa ya zama kamar rariya, ina taɓa ƙarfen yana marmashewa a hannuna kamar busasshen ganye. Abin da ya faru ba asiri ba ne ga wanda ya san aikin. Yashin da ruwa ke kwasowa kowace damina yana goge rufin da ke kare ƙarfen daga tsatsa, tsatsa ta ci gindin ta huda shi, ruwa ya samu hanya ta ƙasa ya riƙa jan ƙasar cikon da ke riƙe da bututun kaɗan-kaɗan, har kogo ya buɗe a gefe da sama, kwalta kuwa tana shimfiɗe a kai kamar babu komai. Da na sa an yashe ko da mita biyu a ranar, na buga guduma a jikin ƙarfen, da na ji amon ganga maimakon amon abu mai ciko a bayansa. Aikin rabin yini ne da lebura biyu.

Da masu bincike suka zo, sa hannuna kawai suka gani. Shugabana ya ce a gabana, ba tare da ya ƙifta ido ba, shi bai taɓa hana wani ma'aikaci rubuta abin da ya gani ba. Na fito da littafin aljihuna, aka ce rubutun fensir a littafin mutum ba takardar aiki ba ce. Aka ba ni takardar gargaɗi, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni na shekaru, shi kuwa ba a jima ba aka ɗaga shi zuwa babban ofis. Ba na cewa ba ni da laifi. Ni na tsaya a bakin ramin na ji tsoron rina, ni kuma na riƙe alƙalami. Amma mu biyu muka yi wannan rahoto, mutum ɗaya ya biya.

Daga baya na gane cewa ba ni kaɗai na taɓa duba rami daga nesa ba. A ranar 2 ga Disamba 2012, rufin ramin mota na Sasago a Japan ya faɗo a kan motoci, mutum 9 suka mutu. An buɗe ramin a 1977, kuma falankan simintin rufin, kowanne fiye da tan ɗaya, suna rataye ne da ƙusoshin da aka kafa a can ƙololuwar ramin. Watanni kaɗan kafin haɗarin an duba wurin, amma da ido da tocila daga ƙasa, ba a hau an ƙwanƙwasa ƙusoshin da guduma ba. Daga 2014 Japan ta wajabta a duba kowane rami da gada kusa da kusa duk shekara biyar. A nan gida kuma, ranar 21 ga Oktoba 2016, bututun ƙarfe irin nawa ya rufta a Manyai ya yanke hanyar Yawunde zuwa Duwala, matafiya suka yi tururuwa zuwa jirgin ƙasa, jirgin ya kauce daga layinsa a Eseka a ranar, hukuma ta ƙirga mutum 79 da suka rasu. Daren nan ban yi barci ba.

Tun daga lokacin ban sake rubuta "lafiya" a kan abin da hannuna bai taɓa ba, kuma an sha kirana mai taurin kai saboda haka. Idan ban shiga ba, haka nake rubutawa da biro a kan takardar hukuma, in ajiye kwafi a gida, ko gurbi yana nan ko babu. Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Mayo, wato rafin da ke ƙafewa bayan damina, yana yaudara da rani, domin ramin da ambaliya ta haƙa a gindin ƙafar gada yashi ne ke komawa ya rufe shi, sai an soka sandar ƙarfe ake sanin zurfinsa. Wanda ya ga gadar Palar ta Marwa bayan ta karye a ƙarshen Agustan 2020 ba ya bukatar a gaya masa ƙarfin ruwan da ke bin waɗannan busassun rafuka. A tambayi jauro, wato mai gari, da makiyaya da masu ɗiban yashi, su ne suke wurin ranar da ruwa ya zo. A ɗauki hoto daga wuri ɗaya kowace shekara. A ware kuɗin yashewa kafin kuɗin fenti. Rina kuma hayaƙin ɗanyen ganye yana korarta, abin da yaran ƙauyen suka koya mini bayan aikin gama ya gama.

Tsohon shugaban nawa ya daɗe da yin ritaya, a nan Garuwa yake zaune. Kwanan baya mun haɗu a wani ɗaurin aure, ya kama hannuna ya nuna ni ga mutanen da ke kusa da shi, ya ce wannan yarona ne, ni na koya masa aiki. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."