Wasiƙa daga Tokyo: Yadda Japanawa Ke Shiga Sabuwar Shekara

'Yan'uwa da abokan arziki,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya iyali, ya hunturu. Tun da Janairu ya kama kuke ta tambayata ko Japanawa suna bikin sabuwar shekara, da irin abincin da suke ci, da kuɗin da aka ce ana ba yara. Zan taɓa duka sannu a hankali, amma yau zan fara da abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda shi ne ziyarar farkon shekara da suke kaiwa wuraren bautar addinin Shinto, wadda suke kira hatsumode.

Wurin da na je shi ne Meiji Jingu, dab da tashar jirgin ƙasa ta Harajuku. An buɗe shi a 1920 don girmama Sarki Meiji da matarsa Shoken, yana kuma tsakiyar kurmin da aka dasa da hannu, bishiyoyi kusan 100,000 da jama'a suka bayar gudummawa daga sassan ƙasar. A kwanaki uku na farkon shekara, mutane kusan miliyan 3 ne ke zuwa wurin. Ni ɗan kallo ne kawai, kuma tun a hanya na shaida wa maƙwabcin da ya raka ni cewa ni Musulmi ne, ba zan rusuna ba, ba zan jefa kuɗi ba. Bai nuna damuwa ba, a can ma babu wanda ya harare ni.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda wannan taro mai yawa yake tafiya ba turereniya. Da zarar an wuce babbar ƙofar katakon nan da suke kira torii, sai a shiga layi a kan hanya mai tsakuwa, 'yan sanda kuma su riƙa raba jama'a rukuni-rukuni. Idan suka ɗaga allon da ke cewa a tsaya, dubban mutane za su tsaya cik, sai rukunin gaba ya gama sannan a saki na baya. Ga sanyi mai ratsa ƙashi, numfashin kowa na fita kamar hayaƙi, mutane sun cusa hannu a aljihu suna matsa 'yan ƙunshin ɗumama jiki da ake sayarwa a shaguna, amma ban ga wanda ya kutsa ta gefe ba. A gabana akwai wata tsohuwa mai dogara sanda, kuma har muka isa gaba babu wanda ya gogi kafaɗarta.

A gaban ɗakin bautar, saboda akwatin sadaka ba zai ɗauki kuɗin wannan lokaci ba, sai a shimfiɗa ƙaton farin ƙyalle, mutane su riƙa wurga tsabar kuɗi daga inda suke, da yawansu 'yar yen 5 mai huda a tsakiya. Mutum zai rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya yi roƙonsa a zuci, ya sake rusunawa sau ɗaya, sannan ya fita ta wata hanya daban da wadda ya shigo.

A nan ne na tuna da fitowarmu daga filin Idi, inda masu shiga da masu fita da masu babura ke haɗuwa a ƙofa ɗaya, dattawa da yara su sha wahala. Raba hanyar shiga da ta fita, da sakin jama'a kashi-kashi, ba ya buƙatar komai sai igiya da 'yan agaji da haƙurin jira. Ina roƙon masu faɗa a ji a kwamitocin masallatanmu su duba wannan kafin Sallah mai zuwa.

Bayan an fito, wasu na sayen sababbin layu suna mayar da na bara don a ƙona, ɗalibai kuma na rubuta buƙatunsu a 'yan allunan katako su rataye, domin jarrabawar shiga jami'a tana tsakiyar Janairu. Duk wanda Allah ya kawo nan ya yi hattara da amazake, wani abin sha mai ɗumi na shinkafa da ake sayarwa a irin waɗannan wurare, domin wani da dusar giya ake haɗa shi. A tambaya kafin a sha.

Maganar abincin bikin da ambulan ɗin kuɗin yara kuwa, sai a wasiƙa ta gaba in Allah ya yarda. Ku gaida kowa da kowa.

Naku,
ɗan'uwanku a Tokyo