Wata guda ina zargin akwatin da bai yi min laifi ba

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo a wuraren biki da suna. Wanda ya san aikin ya san ba kyamara ce ke hana mu barci ba, wurin ajiya ne. Biki ɗaya, daga kamu zuwa dina zuwa kai amarya, sai ya cinye gigabait 300 ba ka ankara ba. Shekara da shekaru ina tara ƙananan fayafayan ajiya na hannu a wata jaka ƙarƙashin tebur, kowanne da 'yar takarda manne a jikinsa, har ranar da ɗaya ya zame daga cinyata ya faɗi a kan siminti. Da na jona shi sai ya riƙa wani ƙas-ƙas kamar agogon bango. Bikin 'yar maƙwabtanmu na ciki. Yadda na je na tsuguna gaban Hajiya ina ba da haƙuri, wannan labarin wata rana ne.

Bayan nan ne na haɗa kuɗi na sayi abin da ake kira NAS. Ɗan akwati ne da bai kai girman bulo ba, kwamfuta ce mara allo mai ramin faifai biyu. Kana jona shi ta waya da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, duk wata na'ura da ke gidan sai ta iya ajiya a cikinsa, ta kuma ɗauka. Na zuba masa faifai biyu, kowanne terabait 4. Da na gama saitin farko sai na ga ya nuna min 3.6. Nan take na kira mai shagon da muryar faɗa. Bawan Allah ya bari na gama sannan ya ce faifan biyu madubin juna ne, abin da aka rubuta a ɗaya shi ake rubutawa a ɗayan, don haka takwas ta koma huɗu. Ragowar kuma bambancin lissafi ne: masu ƙera faifai da 1000 suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1024. Na ba shi haƙuri. Da na san sau nawa zan sake zargin mutumin nan a zuciyata cikin watan, da na ba da haƙurin gaba ɗaya tun ranar.

Saitin farko a ɗakin aikina na yi shi, da babbar kwamfutar tebur. Washegari na ɗauki laftof na zauna a falo don in nuna wa uwargida abin da kuɗin ya sayo, akwati ya ce bai san zancen ba. Babu shi a jerin na'urori, babu shi ko na rubuta sunansa. Na je na duba, fitilarsa na ci, fankarsa na juyawa. Na kashe na kunna. Na sa tsinke na danna ɗan ramin da ke bayansa na yi masa risat, na sake saiti daga farko. Kwana uku ina wannan, sau biyu ina risat. Uwargida ta leƙo ta ce, "Yallaɓai, wannan abin naka dai ko aljanu gare shi?"

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta ya zo cin tuwon dare ranar Juma'a. Na zayyana masa komai, ina jiran ya tabbatar min an sayar min da mataccen kaya. Ko kallon akwatin bai yi ba.

"Kawu, mene ne adireshin laftof ɗinka?"

Ban taɓa tunanin tambayar ba. Muka duba: 192.168.8.103. Muka shiga ɗakin aiki muka duba na akwatin: 192.168.0.12. Ya sa yatsa a kan lamba ta uku, 8 a nan, sifili a can. Ya ce, "Ai ba unguwa ɗaya suke ba."

Ga abin da ya faru. Rautar da ke ɗauke da layin data tana falo, inda sabis ya fi ƙarfi. Shekarun baya, da na ga waifai ba ya kaiwa ɗakin aiki, sai na ja waya na jona wata tsohuwar rauta a can, na cusa wayar a ramin da launinsa ya bambanta da sauran, wanda aka rubuta WAN a kai. Intanet ta kawo, na manta da zancen. Ashe da wannan jonin na raba gidana gida biyu. Kowace rauta tana raba nata adireshin kamar mai unguwa, ta ciki kuma ta ɗauki ta falo a matsayin bakin titi: na ciki na iya leƙawa waje, na waje ba ya ganin na ciki. Yaron ya kashe rabon adireshi a tsohuwar rautar, ya ba ta adireshi irin na falo, ya cire wayar daga ramin WAN ya mayar da ita ɗaya daga cikin ramuka huɗun. Bai kai minti goma ba. Sannan ya shiga rautar falo ya keɓe wa akwatin lamba ɗaya tasa ta dindindin, don kada duk sanda aka ɗauke wuta aka dawo da ita a ba shi wata sabuwa, hanyoyin da na ajiye a kwamfuta su ɓace.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, a wajen aikina ba haka nake yi ba. Idan hoto ya fito da duhu, ba na buɗe kyamara in wanke cikinta. Ina duba haske, in duba buɗin ido, in duba saurin ɗauka, ɗaya bayan ɗaya. Amma da na zo inda ban sani ba, sai na kama abu mafi tsada a ɗakin na ɗora masa laifi.

Ban gama koyo ba, don mako na biyu ya fi na farko wahala. Na tura bikin farko, gigabait 300, kwamfuta ta ce saura awa 7 da wani abu. Gudun ya tsaya cak a megabait 11 a daƙiƙa, ba ya hawa ba ya sauka. Takardar akwatin ta ce gigabit ne, wato ya kamata in ga wajen 110, aikin ya ƙare cikin minti 45. Na ce tsohuwar rauta ce, na je kasuwar waya ta Farm Centre na sayo ɗan akwatin raba waya mai gigabit, na jona kwamfuta da NAS a jikinsa. Goma sha ɗaya. Na ce faifan ne masu nauyin jiki. Na ce riga-kafin ƙwayoyin cutar kwamfuta ne, na kashe shi. Na kwana ina kallon bidiyoyin masu koyarwa, duk wanda ya ce canza kaza sai in canza. Wani ya ce a ƙara girman ƙunshin saƙo daga 1500 zuwa 9000, na ƙara a akwatin kaɗai ban ƙara a kwamfuta ba. Daga nan abin ya rikice: folda ta buɗe yanzu, anjima ta tsaya tana juyi. Kafin asuba na taɓa wurare sun fi goma, ban iya tuna rabinsu ba. An je neman ƙiba an samo rama.

Wannan karon kunya ta hana ni kiran yaron da wuri. Sai da na sake risat na uku, na koma kan 11 ɗina lafiya lau, sannan na tura masa hoton allo. Amsarsa layi ɗaya ce: "Kawu, wa ya matse kan wayar?"

Ni na matse. Na sayi waya mita 15 da kawunanta da filayar matsewa, na kalli bidiyo, na yi da hannuna, har ina alfahari. Ya zo da ɗan abin gwaji mai fitilu takwas a jere. Muka cusa kan waya ɗaya a nan, ɗaya a can. Fitilu suka riƙa kamawa bi da bi, 1, 2, 3, har 7. Ta takwas shiru. Na ɗaga kan wayar a hasken taga, ta cikin robar ana gani: siririyar waya mai launin ƙasa-ƙasa ta gaza kaiwa ƙarshe da abin da bai fi ƙwayar gero ba, haƙorin tagullar ya ciji iska.

A cikin kowace irin wannan waya akwai sirara takwas, an murɗe su biyu-biyu. Gudun megabit 100 huɗu kawai yake buƙata, masu ruwan lemo da masu kore. Gigabit kuwa sai duka takwas. Idan ɗaya ta yanke, na'urorin ba sa kuka, ba sa nuna jan rubutu. Sai su daidaita a tsakaninsu su sauko 100 su ci gaba da aiki. Bit 8 ne ke yin bait ɗaya, don haka raba 100 da 8 ka samu megabait 12 da rabi, cire ɗan abin da hanya ke ci, ga 11 ɗina. Lambar da na yi kwanaki ina harara ita ce ke faɗa min inda ciwon yake. A shafin saitin akwatin ma an rubuta 100 ƙarara a gefen sunan wayar, na wuce ta wurin ba sau ɗaya ba. Muka yanke kan, muka matse sabo. Kuɗin kan wayar bai kai na shayi da burodi ba.

Tun daren nan na ware littafi mai bango ja. Duk abin da zan taɓa sai na rubuta yadda na same shi, in canza shi shi kaɗai, in gwada, in rubuta abin da na gani. Aikin gajiya ne, kuma ba na jin daɗinsa har yau, amma ban ƙara yin risat ba.

Sauran matsalolin ba su ja dogon lokaci ba. Wata tsohuwar na'urar kallon bidiyo da ke jone da talabijin ta ƙi ganin akwatin, saboda tsohon yaren musayar fayil kawai take ji, wanda ake kira SMB1. Akwai maɓallin kunna shi, na kusa dannawa, yaron ya hana. Ta wannan ƙofar ce ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Na haƙura, yara suna kallo ta laftof. Haka ma da na so in riƙa shiga akwatin daga wajen biki: na buɗe ƙofa a rauta yadda aka koyar, ba ta yi ba, domin layin data na waya yawanci ba ya ba ka adireshin waje naka kai kaɗai, kai da jama'a da yawa kuke raba ɗaya. Na ji haushi a lokacin. Daga baya da na karanta yadda DeadBolt ta bi irin waɗannan akwatuna da aka bari a buɗe ga intanet a 2022, ta kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, sai na daina jin haushin. Yanzu ta VPN, wata rufaffiyar hanya mai tsaro, nake shiga, kuma ba kullum ba.

Wuta kuwa, kowa ya san halin da muke ciki. An ɗauke ta ina tsakiyar tura aiki, kafin a tayar da inji akwatin ya mutu. Da ya farfaɗo sai ya shiga gwada faifan biyu da juna, ya yini yana wannan, komai ya yi nauyi. Na sayi ƙaramin UPS, amma abin da ya yi amfani shi ne 'yar wayar USB da ke tsakaninsa da akwatin. Ta nan yake sanar da shi cewa an koma kan batir, shi kuma ya rufe fayilolinsa ya kwanta da kansa kafin batirin ya ƙare. Mako guda wayar tana cikin kwali ban san amfaninta ba.

Wanda ya fi girgiza ni ya zo ne bayan komai ya daidaita, har na fara yi wa abokan sana'a wa'azin su sayi nasu. Ina share tsofaffin ayyuka da dare, ido ya yi nauyi, na goge foldar wani suna da ban riga na miƙa ba. Ban damu ba da farko. Ai faifai biyu ne. Na tashi na zuba ruwa na sha, sannan maganar mai shago ta dawo min: madubin juna ne. Abin da ka goge a ɗaya, a daƙiƙar nan an goge shi a ɗayan. Madubin yana tsare ka ne idan faifai ɗaya ya mutu. Ba ruwansa da hannunka, ko ɓarawo, ko tsawa, ko ƙwayar cuta. Kwandon shara na akwatin kuma ban taɓa kunna shi ba. Na zauna a bakin gado ina ta salati, fuskar Hajiya na yi min gizo. Allah ya taimake ni katin kyamarar na cikin aljihun jaka, ban yi masa fomatin ba, don na yi niyya da yamma aka kira sallah na manta.

Da gari ya waye na kunna kwandon sharar, na sa ya riƙa riƙe abin da aka goge kwana 30. Na fito da ɗaya daga cikin fayafayan hannun da na yi wa ritaya, na sayi wani babba na ƙara. Duk ranar Juma'a nake jona ɗaya a bayan akwatin ya kwafi sabon aiki, in na tashi zuwa gaida Inna bayan masallaci in tafi da shi, in ɗauko na makon jiya. A cikin kwabarta yake zama, bayan kwanukan tangaran. Ta tambaye ni sau ɗaya mene ne a ciki, na ce bukukuwan mutane ne. Ta ce to in dai ba ya cin wuta, ya zauna.

Yanzu abin da ya rage min zafi ne da ƙura. A watan Afrilu ɗakin aikina kamar tanda yake, na ga faifan sun haura digiri 50, na sauko da akwatin daga saman kabad na ajiye shi kusa da ƙasa inda iska ke ratsawa. Da hunturu kuma fankarsa ta fara wani gurnani, na buɗe na tarar ƙura ta yi mata kitso. Na goge da burushin da nake share gilashin kyamara, gurnanin ya ragu amma bai tafi duka ba. Na rubuta a jan littafi, da kwanan wata, na bar gefen shafin babu komai har in ga abin da zai yi in damina ta sauka.